Haƙar Kwal Da Wajibcin Gyara Ƙasa A Bayanta

Darasin wannan mako ya shafi ƙasar da aka haƙi kwal a cikinta, watau wane ne zai ɗauki nauyin gyara ta bayan an gama ɗiba. Mas'alar tana da tushe a fiƙihu. A mashhurin mazhabar Malikiyya al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, shi ke ba da izinin haƙa gwargwadon maslahar jama'a. Haka kuma malamai sun tabbatar da cewa cuta abin gusarwa ce, kuma wanda ya ɓata abin wani lamuninsa yana wuyansa. To, ga yadda ɓarnar take.

Kwal ɗin da ke kusa da doron ƙasa ba a yi masa rami mai zurfi, yaye ƙasar da ke kansa ake yi da manyan injuna. Da haka ƙasar noma ta sama takan cakuɗe da tsakuwa da duwatsun ƙarƙashi, har ta kasa fid da tsiro. Sa'an nan a jikin kwal akan sami wani dutse mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutarwa, amma da zarar ya sha iska da ruwa sai ya riƙa tsatso ruwa mai tsami, wanda ke mai da rafi ja kamar tsatsa, ya kashe kifi, ya hana mutum da dabba sha. Irin wannan tsatso yakan shekara da yawa bayan masu haƙa sun tashi. Na uku kuwa shi ne tarin dattin da ake jibgewa.

A ƙasar Amurka an ga iyakar haɗarin wannan tari. Ran 26 ga Fabrairu, 1972, a kwarin Buffalo Creek cikin jihar West Virginia, madatsar da aka tare da dattin kwal ta ɓalle, ruwa ya share ƙauyuka, mutum 125 suka rasa rayukansu. Bayan doguwar muhawara, a watan Agusta na 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta tsara haƙar kwal da gyaran ƙasa a bayanta.

Dokar ta ɗora wa mai haƙa sharuɗɗa. Na farko, ba shi samun izini sai ya gabatar da tsarin yadda zai gyara wurin. Na biyu, ya kwashe ƙasar noma ta sama ya ajiye ta dabam, kada ta gauraya da sauran. Na uku, in ya gama ya cike ramin, ya binne duwatsu masu kawo tsami, ya daidaita filin kusa da siffarsa ta asali, ya mai da ƙasar noman, ya shuka ciyawa da itatuwa. Inda ruwa ya riga ya yi tsami akan bi da shi ta cikin farar ƙasa domin ta karya tsamin.

Amma sharaɗin da ya fi duka ƙarfi shi ne na jingina. Kafin a sara ƙasa sai mai haƙa ya ajiye lamunin kuɗin da zai isa gyaran. Ba a sakar masa shi duka sai shukar ta kama ta zauna har shekara 5, a wuraren da ruwan sama ke da ƙaranci kuwa shekara 10. In ya gudu, hukuma ta ɗauki kuɗin ta yi aikin. Tsofaffin ramukan da aka bari kafin dokar kuwa, an buɗe musu asusu, aka sa haraji a kan kowane tan, wanda da farko ya kasance santi 35 ga kwal ɗin da aka yaye daga sama, santi 15 ga na rami.

Duk da haka an bar wata kafa. An yarda wa wasu manyan kamfanoni su lamunci kansu da kansu, ba tare da ajiye kome ba, bisa hujjar cewa suna da dukiya. Da kasuwar kwal ta faɗi, a 2015 da 2016 waɗansu daga cikin mafiya girmansu suka karye, aka shiga fargabar cewa nauyin gyara zai koma kan jama'a. Abin lura a nan shi ne, alkawarin baki ba ya zama jingina, kuma wanda ake bi bashi ba ya zama mai lamunin kansa.

Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan magana. An gano kwal a Udi a 1909, aka yi ta haƙarsa a Inugu shekaru masu yawa, ga kuma wanda ake yayewa a Maiganga cikin Jihar Gombe. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a ƙasar Jos shaida ne na abin da ke faruwa in aka ɗiba aka tafi ba gyara: gonaki sun salwanta, ramuka sun cika da ruwa suna cin mutane da dabbobi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta gyaran wurin da aka haƙa, ta kuma tanadi asusu domin haka. Saura zartarwa.

Saboda haka wajibi ne a kan shugaban da ke ba da izini ya karɓi jingina tun kafin a fara, domin amanar jama'a ce a hannunsa. Wajibi ne a kan mai haƙa ya lissafa kuɗin gyara cikin jarinsa. Hakimai da dagatai kuwa, ya kamata su nemi ganin tsarin gyaran a rubuce kafin su miƙa gonakin talakawansu, gama kwal yana ƙarewa, amma zuriya za ta ci gaba da neman gona da ruwan sha a wurin.

Allah Ya sa a gane, Ya ba da ikon aikatawa, amin.