Ki Bar Shi da Gwangwanayensa

 'Yata, saƙonki ya iso ni, na saurare shi har sau biyu. Kin ce ɗan farin nan naki, wanda kunya ba ta bari ki kama sunansa, ya mayar miki da bayan ɗaki juji. Gwangwanin madara, murafen lemo, kwalin sabulu, guntayen waya. Ki share yau, gobe ya sake tarawa. Shekaranjiya kuma kin tarar ya kwance tocilar babansa, ya baje kayan cikinta a kan tabarma. Yanzu ga shi ya ga wani kwali a kanti, irin wanda yaro ke haɗa mutum-mutumi da kansa, ya hana ki sakat. Kina tambaya ko ki saya, ko ɓarnar kuɗi ce.

To, ki kwantar da hankalinki. Wannan halin ba baƙo ba ne a gidanmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Muna yara, da an yi kaka an yanke dawa, kasuwarmu ta buɗe. Mu ɓare kara, mu tsaga ɓawon siri-siri, mu riƙa soka shi a farin nan mai laushi na ciki, har mota ta tashi da ƙofofinta. Wanda ya fi gwaninta ya yi ta langa-langa. Taya kuwa, tsohon silifas ne. A ɗora murfin gwangwani a zana, a bi da reza. Idan tayar ta karkace, motar ba za ta miƙe ba, kuma babu wanda zai faɗa maka dalili. Sai ka zauna ka gano da kanka. Da yawa cikin abokan wasan nan namu su ne suka zama kanikawa da masu walda da kafintoci, suka riƙe gidajensu da hannunsu cikin rufin asiri.

Abin da ɗanki ke so ƙanin wancan ne. An dai ƙara masa batir.

Bari in faɗa miki abin da ke cikin kwalin, don kada hoton da ke jikinsa ya ruɗe ki. Akwai ɗan inji mai juyawa, irin wanda muke cirowa a tsohuwar rediyo mai kaset, yara na ce masa rota. Akwai gidan batir da makunni, da waya biyu, ja da baƙa. Akwai 'yan robobi da notina, da takardar bayani mai zane. Wasu kamfanonin da gangan ba sa sa gangar jikin. Sukan ce yaro ya nemo gwangwanin lemo da aka shanye ya ɗaura kayan a kai. Kin ga ke nan, rabin abin da za ki biya kuɗi dominsa yana cikin tarin nan da kike sharewa.

Idan da hali, ki saya masa ɗaya. Yana da amfani, domin zai koyi bin bayani daki-daki, ya ga yadda ake ƙirga noti kafin a fara aiki. Idan babu hali, kada ki ci bashi a kansa, kada kuma ki ji kin gaza. Mai gyaran rediyo na bakin layinku ba zai rasa rota a cikin komatsansa ba. Batir ɗan siriri irin na rimot ƙarfinsa bolt 1.5 ne, biyu a jere su ba da 3, kuma wannan ya wadatar. A samu kofin roba a kife shi, a ɗaure masa biro uku da salatif su zama ƙafafu. A manna rotar a sama. A bakin sandar da ke juyawa a soka guntun magogin fensir, amma a gefe, kada a tsakiya. Da an haɗa waya, nauyin nan da ya karkata zai sa kofin ya riƙa karkarwa, ya kama yawo a kan takarda yana zane. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Da irin wannan dabarar wayarki ke yin gurnani idan kin kashe ƙararta.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuto miki. Idan kwalin ya shigo gida, ki riƙe hannunki. Ki kuma roƙi babansa ya riƙe nasa.

Na san abin da zai faru, don na gani a gidaje da yawa. Yaro zai sa noti a inda bai dace ba. Uba yana kallo, zuciyarsa ba za ta jure ba, sai ya ce kawo in nuna maka. Kafin minti ashirin abu ya haɗu, yana tafiya sumul. Kowa ya yi tafi. Yaron ya yi wasa da shi kwana biyu, ya jefar a ƙarƙashin gado. Ba laifin uban ba ne, ƙauna ce ta ja shi. Sai dai ya cinye wa yaron abincin, ya bar masa kwano.

Kwanakin baya na zauna a zaure ina kallon wani jikana yana fama da nasa. Ya gama haɗawa, ya kunna, abin ya kama tafiya da baya. Ya kashe, ya kunna, da baya dai. Idonsa ya cika da ƙwalla. Na san maganin, bakina har ƙaiƙayi yake yi, na daure. Na ce masa kawai, me ka taɓa, me kuma ba ka taɓa ba tukuna? Ya juya tayoyin, bai yi ba. Ya sake batir, bai yi ba. Can wajen la'asar ya cire wayoyin nan biyu, ya sa ja a gurbin baƙa. Abin ya miƙe gaba. Da kin ga fuskarsa! Yaron nan ya gano da kansa cewa in aka juya hanyar wuta, inji ma juyawa yake yi. Har ya tsufa ba zai manta ba. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori su duka.

Saboda haka idan ya kawo miki kuka, ki ba shi tambaya. Idan ya gaji, ki ce ya ajiye ya ci abinci, gobe ma rana ce. Yaron da ya saba abu ya ƙi masa sau biyar kafin ya yi, ba zai firgita ba ranar da lissafi ya ƙi masa a makaranta, ko ranar da kasuwa ta juya masa baya.

Inda nake so ki sa hannu, ki sa ido sosai, shi ne wajen abin da zai cutar. A nan kam abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ki fi tsoron batirin nan mai kama da maɓalli, irin na agogon hannu da makullin mota. Yana sheƙi, ga shi daidai bakin ƙaramin yaro, kuma kina da mai rarrafe a gida. Idan aka haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. In har ya faru, Allah Ya kiyaye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a sa yaron amai. A nufi asibiti nan take. Ƙananan maganaɗisu ma haka, in yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne hanji su huda shi. Batirin waya da ya kumbura kada ya soke shi, wuta yake kamawa. Tsohuwar talabijin kada ya buɗe bayanta, tana riƙe wuta ko an zare ta daga bango. Soket kuwa ki yi masa iyaka da babbar murya: aikinsa da batir ne kaɗai.

Sai dalma. Tana cikin tsohon batirin mota, tana kuma cikin wayar liƙi da masu gyara ke narkawa. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da an lura ba. Don haka ya murɗa wayoyinsa da hannu ya naɗe da salatif, liƙi ya jira sai ya girma. Kada ya je bola tsince-tsince. Kada ya ɗauki gorar maganin feshi ko ta fiya-fiya, komai kyanta. Gwangwani ki wanke masa, ki danne bakin mai kaifi da filaya. In ya tashi daga aiki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo.

Maganar tocila kuma, ba zan goyi bayansa ba. Kayan mutane amana ne. Ki samo kwali babba ki ce ga ma'ajinsa, abin da ke ciki nasa ne, abin da ke waje sai ya tambaya. Abin da ya mutu a gidan, ki duba shi, in babu haɗari ki jefa masa a ciki. In kin hana shi gaba ɗaya, ba dainawa zai yi ba. Ɓoyewa zai koya, ya koma yi a inda idonki ba ya kai.

Ki sa ƙanwarsa ma a ciki. Yarinyar da ke iya zura zare a allura ta fi ƙarfin murɗa waya biyu. Ki ba ta nata kofin da nata batirin, kada ta zama mai miƙo almakashi kawai.

An yi wani yaro a Malawi, William Kamkwamba. Yunwa ta afka wa ƙasarsu a 2001, iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya dawo gida. Yana ɗan shekara 14 ya ga hoton injin iska a wani littafi a ɗakin karatun garinsu. Ya tattaro tsohon keke da fankar tarakta da bututun roba, ya kafa hasumiya ta itace. Mutane suna cewa ya haukace. Iska ta kaɗa, ƙwan lantarki ya kama a gidansu. Ban kawo miki labarinsa don in ce ɗanki zai yi suna a duniya ba, wannan na Allah ne. Na kawo shi ne don ki tuna cewa shi ma tarin tarkace aka fara gani a ɗakinsa.

Wata rana kofi mai karkarwa zai daina isarsa. Zai tambaye ki yadda za a yi abin ya ga bango ya kauce da kansa. A nan mutum-mutumi na gaskiya ke farawa, mai ji da gani da yanke shawara, kuma akwai ƙananan alluna irin su Arduino da ake koya wa umarni ta kwamfuta. Wannan yana gaba, kada ki yi gaggawarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki gaishe min da maigidan da yaran duka. Ki ce wa abokin nawa, ɗan naki, ina nan tafe bayan Sallah in Allah Ya kai mu, da tsohuwar rediyota a jaka, shi zai kwance ta. Kafin nan, 'yata, ki ajiye tsintsiyar nan, ki nemo masa kwalin.