Wace dabba ce ta dace da gidanmu?

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa. A wannan lokaci ne da yawa daga cikinmu, a Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa, muke tunanin sayen dabba da ɗan kuɗin da ya rage. Wannan tunani ne mai kyau. Dabba ita ce asusun talaka. Ita ake sayarwa ranar ciwo, ranar suna, da ranar da rumbu ya ƙare.

Amma kowace shekara muna ganin abu guda. Mutum ya sayi dabba mai ƙiba da kaka. Kafin bazara harawa ta ƙare, dabba ta rame, ya mayar da ita kasuwa ya sayar da hasara. Wani ma tana mutuwa a turke. Kuɗin noman shekara guda ya tafi ke nan. Darasinmu na yau zai taimake mu mu kauce wa wannan hasara. Dabbar da ta dace da gida ita ce wadda gidan zai iya ciyarwa da shayarwa har faɗuwar damina.

Lissafi kafin kasuwa

A ƙasarmu ruwan sama yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata 8, wato kwana 240, dabba tana rayuwa ne da abin da muka tara da ɗan abin da ta tsinta a daji.

Masana kiwo sun auna cin dabbobi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar wajen kilo 6 na busasshen abinci kowace rana. Akuya ko tunkiya tana bukatar wajen kilo 1. Mu yi lissafin tare:

Saniya: 6 × 240 = kilo 1440.
Akuya: 1 × 240 = kilo 240.

Wato abincin saniya guda yana riƙe awaki 6. Ruwa ma haka yake. Da zafin bazara saniya tana shan lita 30 ko fiye a rana. Akuya kuwa lita 4 ko 5 sun ishe ta. Wanda yake zaune cikin Dallol Mawri, inda ruwa yake kusa, ya fi samun sauƙi. Wanda yake kan tudu, inda rijiya take da zurfi, sai ya tambayi kansa wa zai riƙa jan wannan ruwa kullum.

Saboda haka mu fara da ƙirga abin da muke da shi. Mu auna dami ɗaya na harawa a kan ma'auni, mu ƙirga dammunan, mu rubuta a littafi. Mu haɗa da karan hatsi, da ƙowar wake, da dusa, da ƴaƴan gawo. Abin da lissafi ya nuna, shi zai faɗa mana irin dabbar da za mu saya da yawanta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Me muke nema a wurin dabbar?

Tambaya ta biyu ita ce amfanin da muke so. Mai son nono domin yara da ƴaƴa da sauri, akuya ce tasa. Mai son kuɗi a dunƙule bayan ƴan watanni, rago ne nasa. Mai son ɗaukar kaya da taki zuwa gona, jaki ko sa ne nasa. Mai ƙaramin jari kuma ya fara da kaji da zabi.

Awaki

Iri biyu muka fi gani a kasuwanninmu.

Ta farko ita ce jar akuyar Maraɗi. A Nijeriya ana kiranta jar akuyar Sakkwato. Gajera ce, cikakkiya, mai gajeren gashi mai sheƙi. Sau da yawa tana haifar tagwaye, wani lokaci ma uku. Cikinta wata 5 ne. Idan tana ƙoshi tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Tana ba da nonon da zai ishi ƴaƴanta har a rage wa yaran gida. Fatarta ta yi suna tun zamanin fatake, lokacin da ake ƙetare hamada da ita zuwa Maroko, daga can ta wuce Turai. Tun farkon shekarun 1960 aka buɗe cibiya a Maraɗi domin kyautata wannan iri da yaɗa shi cikin ƙasa. Akuyar gida ce, ba ta son doguwar tafiya. Ta dace da matar da take kiwo a cikin gida tana ba da dusa da harawa.

Ta biyu ita ce akuyar Sahel, wadda muke gani a hannun Fulani da Buzaye. Doguwa ce mai dogayen ƙafafu. Tana jure tafiya da ƙishirwa, amma yawanci ɗa guda take haifa. Ta dace da gidan da awakinsa suke bin garke zuwa daji mai nisa.

Mu lura: launi kaɗai ba shaida ba ne. Iri ya gauraya sosai. Gara mu sayi ƴar akuyar da muka san uwarta, muka san ko tana yin tagwaye, ko tana da nono.

Dattawanmu sun tuna farin 1973 da na 1984. Shanu sun mutu da yawa. Gidaje da dama da awaki suka sake tayar da garke, domin akuya tana cin ganyen itace lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma tana haihuwa da wuri. Aibinta ɓarna. Mai lambun rani kusa da gida sai ya tanadi turke da igiya, don kada akuya ta haɗa shi da maƙwabci.

Tumaki

Rago shi ne dabbar turka. Ana sayensa da ɗan rama amma da lafiya, a ɗaure shi wata 3 ko 4, a sayar da shi gab da Babbar Salla.

Uda shi ne mai launi biyu: gaba baƙi ko ja, baya fari. Dogo ne mai dogayen kunnuwa, yana yin nauyi sosai.

Balami fari ne babba, mai lanƙwasasshen hanci. Yana tsada ranar saye, yana tsada ranar sayarwa, kuma cinsa yana da yawa. Sai mai dusa da harawa isassu.

Ara-ara na Buzaye ne. Yana jure wahala, kuma yana karɓar turka.

Ɗan ƙasa bai kai su girma ba. Amma ya saba da abincinmu da cututtukan wurinmu, kuma kuɗinsa da sauƙi. Wanda bai taɓa yin turka ba, gara ya fara da shi.

Mai turka domin layya ya tuna da sharuɗɗan addini. Ba a yin layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme ƙwarai. Ragon da yake da irin wannan aibi ba zai samu mai saye da daraja ba.

Shanu da jaki

Saniya babbar dukiya ce, amma tana da jinkiri. Cikinta wata 9 ne, kuma karsana takan kai shekara 3 ko 4 kafin haihuwar fari.

Azawak, wadda wasu suke kira saniyar Adar, ita ce ta fi suna wajen nono a ƙasar Nijar. An daɗe ana zaɓen irinta a cibiyar Tukunus, kusa da Filinge. Tana da sanyin hali kuma tana jure zafi. Amma yawan nononta yana bin yawan abincinta.

Gudali, wato bokolo, mai gajeren ƙaho ne ko maras ƙaho, mai jiki. Yana da sauƙin horo. Ya dace da jan amalanke da turka.

Jar saniyar Bororo mai dogon ƙaho dabbar tafiya ce. Ta saba da daji da mai ita. Zaman turke ba ya yi mata daɗi, saboda haka ba ta dace da ƙaramin gida ba.

Wanda lissafinsa bai kai abincin sa ba, ya duba jaki. Jaki yana cin abin da saniya ta raina, yana jan amalanke, yana ɗaukar ruwa da taki.

Kaji da zabi

Kazar gida tana neman abincinta, tana kwanci, tana ƙyanƙyasa cikin kwana 21. Zakara 1 ya ishi kaji 10. Zabuwa tana yin ƙwai da damina, amma ba ta iya reno ba. Shi ya sa muke sa wa kaza ƙwanta. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 26 zuwa 28.

Kajin Turawa suna da yawan ƙwai, amma suna bukatar abincin saye da magani, kuma yawancinsu ba su kwanci. Babban abokin gabar kaji shi ne annobar nan da take zuwa da ɗari ta share akurki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Mu yi shi kafin sanyi ya shigo.

Idan mun shiga kasuwa

Kada mu tafi mu kaɗai. Mu tafi da wanda ya san dabba. Dillali la'adarsa yake nema, kuɗin kuwa namu ne. Ga abubuwan dubawa:

1. Ido: ya zama garau, ba kwantsa. Mu ja fatar ido ta ƙasa. Idan cikinta fari ne fat, dabbar ba ta da jini, wataƙila tsutsar ciki ce ko ciwon hanta.
2. Hanci da baki: ba majina, ba tari, ba gyambo.
3. Ƙarƙashin wutsiya: idan ya ɓaci da kashi, akwai zawo.
4. Fata: ba ƙirci, ba kaska, gashi a kwance.
5. Tafiya: a sa ta yi tafiya a gabanmu, mu ga ko tana ɗingishi.
6. Hantsa: ta zama da taushi, ba ƙulli. Nonuwan akuya biyu, na saniya huɗu, duka lafiyayyu.
7. Haƙora: su ne takardar haihuwar dabba.

Akuya da tunkiya suna da haƙora 8 a gaba, a muƙamuƙin ƙasa. Na ƙuruciya ƙanana ne. Idan manya 2 sun fito a tsakiya, dabbar ta wuce shekara 1. Manya 4, wajen shekara 2. Manya 6, wajen shekara 3. Manya 8, wajen shekara 4. Idan sun cinye ko sun fara zuba, ta tsufa. Domin haihuwa da turka, mai manya 2 ko 4 ta fi.

Mu yi hattara da dabbar da aka karya wa kuɗi ba dalili. Mu tambayi abin da ya sa mai ita yake gaggawar rabuwa da ita.

Bayan an kawo ta gida

Kada mu haɗa baƙuwar dabba da na gida nan da nan. Mu ɗaure ta gefe guda mako 2 ko 3, da akushinta da ruwanta daban. Cuta tana iya ɓoyewa kwanaki kafin ta bayyana. Annobar awaki da tumaki, mai zazzaɓi da majina da zawo, sau da yawa daga kasuwa take shiga gari.

Mu kai ta wurin ma'aikacin kiwo ya ba ta maganin tsutsa, ya yi mata rigakafi. Rigakafi yana aiki. Da shi aka kawar da bushiya, cutar da ta karkashe shanun kakanninmu. A shekarar 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Ƙaramin gida ba ya bukatar bunsuru nasa, domin bunsuru 1 ya ishi awaki 20 ko fiye. Unguwa tana iya haɗa kai ta zaɓi mai kyau guda. A canza shi bayan shekara 2, don kada ya hau ƴaƴansa iri ya lalace.

Wanda ba shi da kuɗin saye, akwai habbanaye. Al'adar Fulani ce: a ba mutum aron macen dabba, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin mata da yawa a Nijar suna yin haka da awaki. Muna iya tsara shi a cibiyarmu, mu rubuta sunaye da ranaku.

Lafiyar iyali

Dabba tana kawo abinci, amma tana iya kawo cuta. Mu tafasa madara kafin a sha, ko kafin a yi kindirmo, domin tarin fuka da bakkale suna bin ɗanyar madara. Idan dabba ta yi ɓari, kada mu taɓa abin da ya fito da hannu tsirara. A binne shi, a wanke hannu da sabulu. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a ci. A kira ma'aikacin kiwo, domin tana iya zama cutar saifa, wadda take kashe mutum. Turke kuma ya yi nisa da rijiya da wurin girki.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Kilo nawa na busasshen abinci awaki 3 suke bukata cikin kwana 240?
2. Dami nawa na harawa gidanmu ya tara bana? Dabba nawa zai riƙe?
3. Mene ne bambancin jar akuyar Maraɗi da akuyar Sahel?
4. Rago mai manyan haƙora 4, shekararsa nawa?
5. Don me ake ware sabuwar dabba kafin a haɗa ta da na gida?

Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa, ya zo da ita aji. Allah ya sa albarka a kiwonmu.