Ina Ake Ajiye Bayanan Ƙwayar Sanƙarau?

Wasiƙar farko daga nan Birni, cikin Damagaram, ta fito, daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou. Ya ce lokacin sanƙarau na ƙarshen 2022 an ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya a Dungas da Magarya da Matamaye, an kai cibiyar CERMES a Yamai. Me ya hana a yi binciken a Damagaram, mu riƙe bayananmu?

To ɗana, sayen na'urar karanta ƙwayar halitta shi ne mai sauƙi. Wuyar tana ga abin da na'urar ke zubowa. Ƙwayar sanƙarau tana da haruffan gado wajen miliyan 2, wannan kwamfutar hannu ma ta iya da shi. Na ɗan Adam kuwa biliyan 3 ne, kuma ɗanyen bayanin mutum guda yakan kai gigabait 100. Lissafa na mutum ɗari, ka ga sai manyan kwamfutoci masu kwana suna aiki, a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙurar hunturu.

Sai wuta. Ba ka manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana layi. Lissafin da ya yi kwana biyu yana tafiya, in wuta ta ɗauke, sau da yawa sai a koma farko. Don haka a ganina hasken rana da batura su ne gaba da kome. Kuma bayani a wuri ɗaya rumbu ne guda a bakin gobara: a yi kwafi uku, ɗaya a wani gari.

Abin da aka fi rainawa shi ne rubuta ranar ɗibar samfur da garin da ya fito. In babu su, aikin banza aka yi. Wannan kuwa ba ya jiran kuɗi. Koyon aikin ma haka yake: shirin H3ABioNet, da aka kafa a 2012, ya horar da matasan Afirka da dama ta intanet, saboda haka fara koyon manhajar Linux tun yanzu.

Wata Hajiya daga Zango tana tambaya ko sunan ɗanta zai bi bayanin. Hajiya, ƙa'ida ita ce a cire suna a sa lamba kafin a raba wa masu bincike, kuma haƙƙinki ne ki tambayi likita. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.