Filin Shawara: Ƙasa 6 Cikin Kwana 14 da Uwa Mai Ciwon Gwiwa

 Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Kolon na ƙasar Jamus. Shekarata 35, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu bara. Tun da Umma ta fita takaba nake tara kuɗi don in kawo ta nan ta huta, in zaga da ita Turai ko ta ɗan rage tunani. Na samu hutun kwana 14 a watan Yuli, na tsara mu fara da Jamus, mu shiga Holan da Beljiyam, mu wuce Faransa, daga can Italiya, mu ƙare a Sifen. Shekarar Umma 66, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ban da Makka ba ta taɓa fita waje ba. Da na karanta mata tsarin ta waya, cewa kawai ta yi, "Duk yadda aka yi daidai ne, Allah ya yi albarka." Ƙannena maza kuma sun sa ni gaba, wai da in kashe kuɗi a yawon ƙasar Turawa gara in biya mata Umara. Abin da ya fi damuna ma, Gwaggo, a hannun kakata na tashi. Ko sunana Umma ba ta faɗa, ba mu taɓa zama mu biyu mun yi doguwar hira ba. Yaya za mu yi mako biyu a ɗaki ɗaya?

'Yarki daga Kolon

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: wannan tsari don ƙafafunki kika yi shi. Raba 14 gida 6, ko kwana biyu da rabi kowace ƙasa ba ta samu ba, kuma a ciki har da ranar tashi. Ranar tashi ba hutu ba ce ga mai shekara 66. A haɗa kaya, a bar ɗaki kafin hantsi, a ja akwati zuwa tasha, a nemi layin da jirgi zai tsaya, a isa wani gari a tarar ba za a ba da makulli ba sai bayan azahar. Ke kin saba, jikinki ya horu da tsayuwar asibiti. Ita kuwa za ta bi ki ne tana ɗingishi, in kin waiwayo ta ce miki "ba komai".

Maganarta ta waya ma kada ki ɗauke ta amincewa. Kawaici ne. Uwa Bahaushiya ba za ta buɗi baki ta ce wa 'yar farinta ga abin da take so a kashe mata kuɗi a kai ba. Ki bi ta bayan gida. Ki sa autarku, ko ƙanwar Umma da take sakin jiki da ita, ta bugi cikinta a hira: me take marmarin gani, me take tsoro? Kada ki yi mamaki in amsar ta dawo ba ruwanta da Hasumiyar Eiffel. Iyaye da yawa abin da ke kai su wurin 'ya'yansu a waje shi ne su ga ɗakin da suke kwana, hanyar da suke bi zuwa aiki, abin da suke ci, da wa suke hulɗa. Ta daɗe tana kwana da tunanin yadda kike zaune ke kaɗai a ƙasar sanyi. Ganin idonta zai kwantar mata da hankali fiye da hoto a gaban kowane gini.

Ta wannan hanya za ki kashe maganar Umara. In 'yar aikenki ta dawo ta ce zuciyar Umma na Madina, to ki juya akalar kuɗin can, ki ɗauki hutunki ki raka ta. In kuwa wurinki take son zuwa, ki gaya wa ƙannenki cikin lalama cewa ziyarar uwa ga 'yarta zumunci ne, su kuma ga filin Umara nan a buɗe, su haɗa hannu su biya mata baɗi.

Da ni ce, mako guda cur za ta yi a Kolon. Kwana biyun farko ba inda za a je, ta warware gajiyar jirgi, ta gane kan gidan. Daga nan fita ɗaya a yini, a dawo kafin la'asar ta miƙe ƙafa. Ranar Juma'a ki kai ta babban masallacin da ke unguwar Ehrenfeld, wanda aka yi bikin buɗe shi a 2018. Wata rana ku shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a kogin Rhine, tana zaune gari na wucewa ta gabanta. Babbar majami'ar nan ta bakin tasha a kalle ta daga ƙasa ya wadatar, matakala 533 ne zuwa saman hasumiyarta.

Sannan ku hau jirgin ƙasa zuwa Paris, tafiyar awa 3 da 'yan mintuna, ku yi kwana huɗu ko biyar ku dawo. Ga shi a hanya za ku ratsa Beljiyam, ta gan ta ta taga. A Paris ki guji jirgin ƙarƙashin ƙasa gwargwadon iko. Tsofaffin tashoshinsa matakala ne hawa da sauka, mafi yawa ba su da na'urar hawa, ga 'yan sane a cikin cunkoso. Bas ya fi mata, ko tasi in gwiwar ta motsa. Hasumiyar Eiffel tana da lif, ki sayi tikiti ta intanet don kada a sha layi. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da lambu da wurin shan shayi, nan za ta fi sakewa. Ki kuma ware mata yini guda a kasuwar 'yan Afirka ta Château Rouge. Hijabinta ba wanda zai hana ta sawa a titi, amma in tana sa niƙabi ki sanar da ita tun a gida cewa doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a a Faransa tun 2011, haka ma a Beljiyam.

In za ki iya sauya hutun, ki mayar da shi Mayu ko Satumba. Yuli lokacin cunkoso ne da tsadar masauki, gidaje da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ga kuma rikicin lokutan salla. A ƙarshen Yuni da farkon Yuli rana ba ta faɗuwa a Kolon sai wajen ƙarfe 10 saura na dare, lisha ta kai kusan tsakar dare, asuba kuma ta biyo baya ba da jimawa ba. Tsohuwar da ta saba kwanciya ƙarfe 9 za ta jigata. Ki karɓo mata jadawalin masallacin unguwarku. Game da ƙasaru, abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari cika salla zai yi, amma ta tambayi malaminta kafin ta taso, ta fi natsuwa da jin ta bakinsa.

Batun ciki kada ki yi wasa da shi. Karin kumallon otal burodi ne mai sanyi da cuku da yankakken nama, na alade a jere da na kaza. Umma za ta leƙa, ta ɗauki shayi kaɗai, ta ce ta ƙoshi. Kwana uku a haka ga mai shan maganin hawan jini ba daidai ba ne. A Paris ki kama gida mai kicin, a hawan ƙasa ko a bene mai lif, ki tambaya ƙarara kafin ki biya, don tsofaffin gidajen garin da yawa ba su da shi. Ta zo da garin kunu da kuka da yaji. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ta bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, ƙwacewa ake yi. Naman halal da semo ba sa wuya a shagunan Turkawa. Ki tanadi buta a gida, da 'yar gora a jaka saboda banɗakunan waje ba ruwan tsarki, wasu ma sai an biya ake shiga.

Biza kuma, tun da a Jamus za ta fi daɗewa, a ofishin jakadancin Jamus za ta nema. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a tafi, kada ki jira, samun ranar ganawa kan yi wuya. Kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. Ke ki je ofishin kula da baƙi na garinku ki yi takardar ɗaukar nauyinta. Ita kuma ta haɗa duk abin da ke nuna za ta koma: takardar gida, fansho in akwai, 'ya'ya da ke gabanta. Kada ki sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Magungunanta su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu, da takardar likita. Ki nema mata keken turawa a filin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, kyauta ne a filayen jiragen Turai. Za ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ki ce mata tsarin jirgin ne haka, filin Frankfurt ba wurin gwada ƙarfi ba ne.

Saura abin da ya fi damunki. Kada ki tsara zama na musamman don ku buɗe wa juna ciki, za ki takura ta ne, ki takura kanki. Irinku hira na zuwa ne in hannu na aiki, ido na wani wuri. Ki bar mata murhu wata rana ta tuƙa tuwo kina yanka albasa. A jirgin ƙasa ku zauna gefe da gefe kuna kallon gonaki, ki tambaye ta yadda aikin Hajjinta ya kasance, ko yadda aka kawo ta gidan mahaifinku. In ta yi shiru ki bar ta da shirunta, ta ja carbinta. Sunanki ba za ta faɗa ba a gida, ba za ta faɗa ba a Paris, kuma ba ƙi ba ne.

Abu ɗaya nake ji miki tsoro. A can ke ce mai harshe, ke ce mai kuɗi, ke ce kika san hanya. Matar da ta riƙe gida shekara 40 za ta wayi gari ko ruwa ba ta iya saya sai da ke. Wannan yana da ciwo, kuma gajiya kan sa ɗa ya ɗaga wa uwa murya a tasha bai sani ba. Ranar da ta sauka ki sa mata Yuro nata na kanta a jaka, kada ki tambayi abin da ta yi da su, tsarabar jikoki na ranta tun kafin ta hau jirgi. Ki rubuta adireshinki da lambar wayarki a kati ki sa mata tare da su. Ki kuma nemo wata dattijiya mai jin Hausa ta zo gaishe ta, ba a rasa mutanen Ghana da Nijar da Togo a manyan biranen Jamus. Abin da ba ta gaya miki ba za ta gaya wa sa'arta, ke kuma ki ji daga baya.

* * *

Gwaggo, barka da aiki. Mahaifina malamin zaure ne, shekararsa 72. Burinsa ya ga Andalus ta ƙasar Sifen da idonsa, ya yi raka'a biyu a masallacin Ƙurɗuba. Allah ya hore mini, ina so in kai shi, daga can mu leƙa Landan wurin ƙanena. Biza ɗaya ta ishe mu?

Ɗanki daga Kano

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Biza biyu za ku nema. Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, tata daban take. Ku sa Landan a farko ko a ƙarshen tafiya, domin in bizar shiga sau ɗaya aka ba ku, kuna fita Sifen ta ƙare.

Malam ya san ƙasar nan a littafi tun kafin a haife ka. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne, haka Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri. Ibnu Malik mai Alfiyya daga Jayyan ya fito, ba nisa da can, Alƙali Iyal mai Ashafa kuma ya taɓa riƙe alƙalanci a Garnaɗa. Don haka ka bar shi ya zama jagora, kai ka riƙe jaka. Ku je a Afrilu ko Oktoba, zafin Ƙurɗuba a Yuli da Agusta kan haura digiri 40. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu bai fi awa 2 ba. Tikitin fadar Alhamra a Garnaɗa ka saye shi tun da makonni, yana ƙarewa, kuma akwai lokacin shiga a jikinsa, a zo da fasfo. Ku kama ɗaki biyu, ko da ƙanana ne, dattijo na son sirrinsa. Abincin ƙasar akwai alade da giya a cikin da yawa, ka tambaya kafin a zuba.

Raka'a biyun nan ce ba za ta samu ba. An fara gina masallacin a 785, amma tun 1236 da birnin ya koma hannun Kiristoci aka mayar da shi majami'a, kuma har yau haka yake. Zai ga ginshiƙan, zai tsaya gaban mihirabin, amma masu gadi ba sa barin Musulmi ya yi salla a ciki. Inda zai yi sallarsa a natse shi ne masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, yana fuskantar Alhamra daga kan tudu. Ku hau da tasi, hanyar duwatsu ce. Ka zaunar da shi ka gaya masa maganar hana salla a Ƙurɗuba tun a Kano, kafin ka biya kuɗin biza. In ya ji ya ce duk da haka zai je, sai ka fara haɗa takardu.