Daskararre da mai ruwa-ruwa

Garin Geskeru yana bakin kogin Komadugu, gabas da birnin Difa. Ruwan kogin daga nesa yake zuwa. Yana fitowa daga kogunan Hadeja da Jama'are na ƙasar Nijeriya, ya bi iyakar Nijar da Nijeriya, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Da shi manoman kwarin suke shayar da tattasai da albasa da shinkafa.

Wata safiya wani manomi ya tafi lambu tare da ɗansa. Ya tada injin ban ruwa. Ruwa ya bi lambatu, ya shiga fangali na farko. Da fangalin ya cika, sai manomin ya ɗebi ƙasa da hauya ya toshe bakinsa, ya buɗe na biyu.

Yaron ya ce: "Baba, don me ruwa yake gudu, amma ƙasar da ka aza ta tsaya wuri ɗaya?"

Uban ya ce: "Ɗana, ruwa ba ya tsayuwa da kansa. Inda ya samu gangare, nan yake bi. Ƙasa kuwa inda aka aje ta, nan ake tarar da ita. Shi ya sa da ita ake tare shi."

A lura

Dutse da tubali da itace da ɗan tattasai daskararru ne. Daskararren abu yana da siffa tasa. In an sa dutse cikin ƙwarya, dutse ne, siffarsa ba ta sake ba. Ana iya ɗaukar shi da hannu, ana iya karya shi ko a daka shi.

Ruwa da madara da man gyaɗa masu ruwa-ruwa ne. Abu mai ruwa-ruwa ba ya da siffa tasa. Yana ɗaukar siffar abin da aka zuba shi ciki. Yana malala zuwa wuri mai gangare. In ya natsu, samansa a shimfiɗe yake, ko da an karkata mazubin.

A gwada

A cika kwalba mai lita 1 da ruwa. A juye shi cikin ƙwarya, sa'an nan cikin buta, ba tare da an zubar ba. A maida shi cikin kwalbar. Siffarsa ta sake, amma yawansa yana nan: lita 1. Nauyinsa ma yana nan: kilo 1.

A yi hattara

Gero da yashi da garin tattasai ana tsiyaya su kamar ruwa, amma daskararru ne. In an zuba gero bisa tabarma, tsibi yake yi. Kowace ƙwaya tana da siffarta. Ruwa ba ya yin tsibi.

Zafi da sanyi suna sake halin abu. Man shanu yana daskarewa lokacin ɗari, ya narke in an aza shi a wuta. Ruwa yana zama ƙanƙara in sanyi ya kai digiri 0.

Amfanin wannan sani

Komadugu ya fi cika bayan damina ta wuce. A watan Oktoba na 2019 ya yi ambaliya a jihar Difa, ya cinye gonaki da gidaje. Wuraren da ke kwari su ruwa yake fara shiga. Don haka ake gina gida da rumbu bisa tudu, ake kuma jera buhunnan yashi a bakin kogi don su tare ruwa.

A riƙe

Daskararre yana da siffa tasa. Mai ruwa-ruwa yana ɗaukar siffar mazubinsa, yana bin gangare.

Tambayoyi

1. Da me manomin ya toshe bakin fangali? Don me?
2. A raba waɗannan gida biyu: kifi, nono, gishiri, kalanzir, kwale-kwale, zuma.
3. Yaya ake gane cewa gero daskararre ne?
4. Ina ya kamata a gina rumbu a garin da ke bakin kogi?