Rawar Littattafan Bayani Wajen Gina Duniyar Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda littattafan bayani, wato ƙamus da kundin sunaye da taswira, suke tattara ƙagaggen labarin kimiyya, su tsara shi, su kuma faɗaɗa shi har ya zama duniya mai iyakoki da dokoki.

Aikin Tattarawa

An fara nuna Star Trek a talabijin a Amurka cikin 1966, aka dakatar da shi a 1969. Marubuta da dama ne suka rubuta sassansa, don haka sunaye da al'amura suka warwatsu. Wata mai sha'awar shirin, Bjo Trimble, ta fito da kundin da ya jera taurari da duniyoyi da jiragen da aka ambata, kamfanin Ballantine ya buga shi a 1976. Da wannan ne mai kallo ya sami inda zai duba in gardama ta tashi.

Aikin Faɗaɗawa

Mai bayani ba ya tsayawa kan abin da ya tarar. A 1975 Franz Joseph ya zana jiragen da ba a taɓa nunawa a shirin ba. A 1985 masanin harshe Marc Okrand ya wallafa ƙamus na harshen Klingon tare da nahawunsa, har wasu suka koye shi. Haka kuma littattafan da kamfanin West End Games ya fara bugawa a 1987 suka raɗa wa halittun Star Wars da yawa sunaye. Su aka aika wa Timothy Zahn ya yi aiki da su lokacin da yake rubuta littafinsa na 1991. Ke nan bayani ya koma tushen sabon labari.

Matsalar Iko

Wanda ya tsara labari shi ke yanke abin da za a karɓa. A 2014, bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, aka cire yawancin waɗancan littattafai daga sahihin tarihin Star Wars. Aikin shekaru ya koma gefe a rana guda.

Darasi ga Adabin Hausa

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaro a Tamawa ko Kurfi ya san Ƙoƙi ce matar Gizo ba tare da littafi ba, domin bakin kaka ne kundinsa. Amma da Frank Edgar ya buga tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, sai Neil Skinner ya fassara su ya sake kasa su rukuni-rukuni daga 1969. Abin da ya shiga takarda ya tsira, wanda aka bari a baki kuwa yana fuskantar ɓacewa.

Ta fuskar kimiyya, Umaru Dembo ya buɗe hanya a 1969 da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki Kilba zuwa sararin samaniya. Duniyar da ya gina tana da wurare da halittu da kalmomin da suka cancanci a jera su, a yi musu sharhi.

Kammalawa

Ya kamata ɗaliban Hausa su ɗauki wannan aiki, amma da sharaɗi guda: mai bayani ya bambanta abin da marubuci ya faɗa da abin da shi ya ƙara, don kada sharhi ya danne asali.