Kafin ka sayi akwatin kifi marar firam

Akwatin kifi irin wanda aka saba gani a ɗakin jira na asibiti ko a otal yana da firam na baƙar roba sama da ƙasa, wani lokaci har da sanda da ta ratsa tsakiyar bakinsa. Marar firam kuwa fallen gilashi biyar ne kawai da aka haɗa da gam ɗin silikon, bakinsa a buɗe, babu murfi. Idan aka cika shi da ruwa da tsirrai, sai ka ga kamar ruwan ne ya tsaya da kansa a kan tebur. Wannan kyan ne ke sa mutane gaggawar saye. Sai dai firam ɗin da aka cire ba don ado aka sa shi ba. Shi ne ke riƙe bakin gilashin kada ya buɗe, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin akwatin a ƙasa. Da zarar babu shi, aikin ya koma kan abu uku: kaurin gilashi, ingancin gam, da teburin da za a ɗora akwatin. A kan waɗannan ya kamata kuɗinka da hankalinka su fara sauka.

Mutumin da ya yaɗa wannan salo shi ne Takashi Amano, ɗan Japan daga Niigata, mai ɗaukar hoton dazuzzuka, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya kuma rasu a 2015. Burinsa shi ne mai kallo ya ga daji ko gefen rafi a cikin ruwa ba tare da wani baƙin layi ya tare masa ido ba. Akwatinsa mai suna 60-P, mai tsawon santimita 60, faɗin 30 da tsayin 36, ya zama ma'aunin da kamfanoni da yawa ke kwaikwaya. Yana cin ruwa kusan lita 65. Idan wannan ne karonka na farko, shawarata ka tsaya a wannan girman ko kusa da shi. Fitilu da matatun ruwa da tebura da yawa a kan awonsa aka ƙera su, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi idan babu ruwa, kuma ruwansa ya isa ya jure ɗan kuskure. Ƙaramin akwati mai lita 15 ko 20 ya fi arha, amma ya fi wuyar riƙewa: yana saurin ɗaukar zafi, kuma abinci kaɗan da ya ruɓe a ciki ya isa ya ɓata ruwan.

Tsayi ya fi tsawo muhimmanci wajen lissafin ƙarfin gilashi, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Ruwa yana tura bango gwargwadon zurfinsa, kuma turin yana hawa da sauri fiye da yadda zurfin ke ƙaruwa. A akwati mai tsawon 90 da tsayin 45, ruwan yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kai na kilo 90. Ka bar tsawon yadda yake, ka ƙara santimita 15 kacal a tsayi ya zama 60, turin ya haura kilo 160. Shi ya sa kamfanonin kirki suke sa gilashi mai kaurin milimita 5 zuwa 6 ga akwati mai tsayin 36, milimita 8 zuwa 10 ga mai tsawon 90 da tsayin 45, sannan milimita 12 ga mai tsawon 120 da tsayin 50. Ka tafi shago da tef ɗin awo, ka auna kaurin da kanka a bakin gilashin. Idan mai shago ya ce siririn gilashi "ba komai, yana riƙewa", ai yau yake magana, kai kuma shekara biyar kake so ya yi a falonka.

Tsirrai ma ba sa son akwati mai zurfi. Haske yana raguwa yayin da yake ratsa ruwa, don haka ƙananan tsirran da ke shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma suna wahala idan zurfin ya wuce santimita 45 zuwa 50, sai dai a sa fitila mai ƙarfi, ita kuma fitila mai ƙarfi gansakuka take gayyatowa. Ga kuma hannunka. Duk mako za ka datse ganye, ka sake dasa wanda ya tumɓuke, ka goge gilashi. Akwatin da sai ka jiƙa hammata kafin yatsanka ya taɓa ƙasa, wata rana za ka gaji ka bar shi. Idan kana da rarar kuɗi, ka zuba su a faɗi, wato daga gaba zuwa baya. Faɗin 30 ya wadatar, 45 kuwa shi ne ke ba ka filin tara ƙasa a baya ta gangaro gaba, ka jera duwatsu da itace wasu a bayan wasu har ido ya ga nisa.

Sai batun farin gilashi. Gilashin taga na yau da kullum yana da ɗan sinadarin ƙarfe a cikinsa, shi ke ba shi launin kore, kuma za ka gane haka idan ka dubi bakinsa. Wanda aka rage wa ƙarfen, irin su Optiwhite na kamfanin Pilkington da Starphire, bakinsa fari ne ko shuɗi-shuɗi mai haske. A ta cikinsa farin yashi yana fitowa fari, jan ganye yana fitowa ja. Amma bambancin ya dogara da kauri. A milimita 5 ko 6 sai an jera su biyu kafin yawancin mutane su lura, a milimita 10 ko 12 kuwa a bayyane yake. Farin gilashi ba ya ƙara wa akwati ƙarfi ko kaɗan. Idan kuɗin ba su isa duka ba, gara gilashi mai kore-kore mai kauri da farin gilashi siriri.

Inda ya dace ka ɓata lokaci shi ne mahaɗar gilasan. Ka riƙe tocilar waya ka bi kowace kusurwa daga sama har ƙasa. Gam ɗin da ke tsakanin fallen biyu shi ne ke riƙe akwatin, ba wanda aka shafa a lungu daga ciki ba. Ya kamata kaurinsa ya zama ɗaya tun daga sama har ƙasa, babu gurbin da ya tsallake, babu jerin kumfa, babu wurin da ya yi fari-fari kamar ya fara sakin gilashin. Ɗan ƙwayar kumfa ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Doguwar kumfa da ta ratsa daga ciki zuwa waje kuwa hanyar yoyo ce. Ka shafa yatsa a bakin gilashin a hankali: ya zama an goge kaifinsa, babu ɓantare. Ɓantare a kusurwar ƙasa ya isa ka fasa cinikin, domin daga irin wurin nan tsagewa ke farawa. Ka duba ko fallayen sun haɗu daidai, wani bai zarce wani ba. Wasu kamfanoni suna yanka bakin gilashin a karkace don kusurwar ta haɗu ba a ganin gam, abin yana da kyau a ido, amma haɗin da aka saba ma yana riƙewa sarai idan an yi shi da kyau.

Da yawa za su gwammace su ba mai yankan gilashi aikin, tunda shigo da akwati daga waje tsada ne, ga haɗarin fashewa a hanya. Hakan mai yiwuwa ne, muddin ka gindaya masa sharuɗɗa. Na farko, kada ya yi amfani da silikon na banɗaki ko na kicin, domin ana zuba masa maganin hana fumfuna, wannan magani kuma guba ne ga kifi da jatan lande. Silikon zalla ake so, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwatin kifi ne. Na biyu, ya bar siririn rata tsakanin gilasan don gam ya zauna, kada ya matse su har gam ɗin ya tsiyaye waje. Na uku, a bar shi mako guda ya bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Idan wanda zai yi aikin bai taɓa haɗa babban akwati ba, ka sa ya manna siraran sandunan gilashi a kwance a bakin sama ta ciki, gaba da baya. Za su ɗan rage kyan bakin, amma za su hana gilashin yin tumbi. Ka kuma sani cewa gilashin da aka gasa don ya yi tauri, irin na tagar gefen mota, ba ya yankuwa kuma ba ya hudawa. Ka gwada, ya tarwatse.

Tebur shi ne inda aka fi yin sakaci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai 90 da 45 da 45 yana cin lita 180, gilashinsa kaɗai ya kai kilo 40, idan ka haɗa da ƙasa da duwatsu ka doshi kilo 250, wato kamar buhun siminti biyar a kan fili da bai kai mita ɗaya ba. Teburin talabijin na katakon dusa ba zai ɗauka ba, balle idan ruwa ya riƙa ɗiga masa. Akwati mai firam a gefunansa yake zama, marar firam kuwa dole ɗuwawunsa gaba ɗaya ya kwanta a kan shimfiɗaɗɗen katako, ba tare da ko santimita ɗaya ta leƙo waje ba. Idan mai walda ne ya yi maka teburin ƙarfe, kafinta ya ɗora masa falanki mai kauri a sama. Tsakanin katakon da gilashin a shimfiɗa siririn soso mai tauri, kamar milimita 5, don tsakuwa guda da ta maƙale a ƙarƙashi tana iya tsaga gilashin ƙasa. Ka ari ma'aunin lebur na magina ka gwada gaba da baya, hagu da dama. Idan ƙasan ɗakin bai daidaita ba, ƙafar teburin ake sa wa waigi, ba akwatin ba. Abin da ya fi karkata haɗari shi ne murɗewa, wato kusurwa ɗaya ta fi sauran sauka, domin tana jan gam ɗin kullum har ya saki.

Buɗaɗɗen baki yana da nasa hali a ƙasa mai zafi. Alherinsa shi ne ruwan yana sakin zafi, kuma ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage masa ɗumi, abin da za ka gode wa a watan Afrilu, tunda yawancin tsirran ruwa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. Wahalarsa ita ce ruwan yana ƙafewa da sauri, musamman da hunturu, ga ƙura tana sauka a kai. Ruwan da ya tafi yana barin gishirinsa a baya, don haka idan kana ta ciko da ruwan rijiyar burtsatse mai nauyi ba ka sauyawa, gishirin taruwa yake yi, farin layi kuma ya fito a bakin gilashin inda babu firam da zai ɓoye shi. Sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako yana maganin taruwar gishirin, tsumma da ɗan ruwan lemun tsami yana goge farin layin. Kada ka ajiye akwatin inda rana ke dukansa ta taga. Idan akwai ƙananan yara a gidan, ka yi tunanin tsayin teburin da kuma abin da ƙaramin hannu zai iya jefawa ciki.

Kifi ma yana tsalle. Wasu daga cikin kifayen ado da suka fi shahara a duniya daga ruwayenmu suka fito, kuma biyu daga cikinsu gwanayen tsalle ne: kifin malam-buɗe-littafi na kogin Neja da tafkin Chadi, wanda masana ke kira Pantodon, da ɗan ƙaramin kifin nan mai jajayen ɗigo na Nijeriya da Kamaru, gardneri. Waɗannan ba sa zama a buɗaɗɗen akwati sai da murfin gilashi ko raga. Ga sauran kifaye, rage ruwan da santimita biyu ko uku daga baki da barin tsirrai masu yawo a sama yana rage asara.

Wutar lantarki ita ma tana da bakin magana a zaɓin girma. Babban akwati yana son babbar matata da babbar fitila, kuma matatar da ta tsaya sa'o'i da yawa, ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwa a cikinta suna fara mutuwa saboda rashin iska. Ka zaɓi girman da inbata ko solarka za ta iya riƙe kayansa. Idan za ka sa tukunyar iskar kabon don tsirrai, ka tabbatar tana da makunnin da ke rufe ta idan wuta ta ɗauke, in ba haka ba iskar za ta ci gaba da shiga ruwan da ba ya motsi ta shaƙe kifin. Mai son sauƙi ya fara da tsirran da ba sa neman wannan duka. Anubias barteri tsiro ne na gefen rafukan dajin Afirka ta Yamma, an sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin Baikie a kogin Neja ya rasu a Raba a 1859. Yana jure ƙarancin haske da ɗumi, kuma ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace, don idan aka binne kaurin saiwarsa ruɓewa yake.

Ranar ɗauko akwatin, a tallafe shi ta ƙasa, kada a riƙe shi ta baki, kada kuma a motsa shi da ruwa a ciki ko da kaɗan ne. Kafin ya shiga falo, ka ɗora shi a kan teburinsa da sosonsa a tsakar gida, cikin inuwa, inda ƙasa ta daidaita. Ka auna faɗin bakinsa a tsakiya, ka shimfiɗa takarda a kewaye, ka cika shi a hankali, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka sake aunawa, ka sake bin mahaɗun da tocila. Idan takardar ta jiƙe, ko gam ya canja launi, ko bakin ya buɗe har ido yana ganin lanƙwasar gilashin, ka kwashe ruwan ka mayar wa mai shi. Wannan sharaɗi na mayarwa tun wurin ciniki za ka faɗa, kafin ka biya.